Bayan An Kaɗa Ƙararrawar Tashi

Laccar da aka gabatar a taron iyaye, malamai da tsofaffin ɗalibai na wata makarantar sakandare a Kano

 

An ce in yi magana a kan abin da ɗalibin sakandare ke yi a wajen aji, wato kulob-kulob na makaranta, da kuma zuwa wurin sana'a ko ofis don sanin makamar aiki. Na ji daɗin wannan zaɓi, domin duk taron da muke yi irin wannan, maganarmu ba ta wuce sakamakon WAEC da NECO: mutum nawa suka ci Turanci da Lissafi, mutum nawa aka riƙe wa sakamako. Wannan duka lissafin abin da ke faruwa ne daga takwas na safe zuwa biyu na rana. To, amma ranar yaro ba ta ƙarewa da ƙarfe biyu. Akwai yamma, akwai Asabar da Lahadi, akwai dogon hutun damina. A cikin waɗannan sa'o'i ne da yawa daga 'ya'yanmu ke koyon abin da zai ciyar da su nan gaba, makaranta kuwa ta kau da kai kamar ba ta san ana yi ba. A kan wannan kau da kai nake son mu yi magana.

Bari in fara da na cikin gida, wato kulob.

Ku ɗauki yarinya 'yar aji huɗu da aka zaɓa ma'ajin kulob ɗin 'yan jarida. Ba wani muƙami ba ne. Kowane ɗan kulob yana kawo ɗan abin da aka yanka masa a sati, don a sayi kwali da maka da gam na manna labarai a allon sanarwa. An ba ta littafi mai falle arba'in ta riƙa rubutawa. Wata rana aka zo sayen kwali, kuɗi ba su cika ba. Wataƙila ta ranta wa wata ƙawarta ta manta ba ta rubuta ba, wataƙila ta karɓa daga wani ba ta ƙirga ba. Yanzu dole ta tsaya gaban mutum ashirin sa'o'inta, kowa ya zuba mata ido, ta faɗi inda kuɗi suka shiga. Wannan yarinya ta yi shekara tara ko goma tana lissafi a aji. Idan ta faɗi, malam ya ja jan biro, shi ke nan an wuce wurin. Ranar nan ce ta farko da kuskuren lissafinta ya taɓa wani mutum, ya taɓa mutuncinta. Daga ranar ba za a sake ba ta sisin wani ba tare da ta rubuta ba, kuma babu malamin da ya ce mata ta yi hakan.

Bambancin aji da kulob ke nan a wurina. Aikin aji, mutum ɗaya ake yi wa, shi ne mai maki. Aikin kulob kuwa jama'a ake yi wa, kuma jama'a ba sa ba da maki, sai dai su tafa ko su yi dariya ko su daina ba ka amana.

Haka yaron da ke karanta labarai a asembili ranar Litinin. Ya ji famfon bayan ɗakin gwaje-gwaje ya lalace sati uku, ya rubuta cewa hukumar makaranta ta yi sakaci, ya karanta gaban kowa. Kafin a shiga darasi na biyu an kira shi ofis. A nan zai ji cewa tun satin farko aka kira mai gyara, kayan ne ba a samu ba. Zai fito da kunya, amma ya koyi ƙa'idar da manyan 'yan jarida ke faɗuwa a kanta har gobe: kafin ka faɗi laifin mutum, je ka ji ta bakinsa. Abin da nake roƙon shugabannin makarantu shi ne, idan irin wannan ta faru a gyara wa yaron labari, kada a rufe kulob ɗin. Mun sha ganin an rufe.

'Yan Red Cross da ke tsaye bakin fili ranar gasar wasanni tsakanin gidaje, su ne ke fara isa kan yaron da ya faɗi a tseren mita ɗari huɗu. 'Yan kulob ɗin manoma, kowa da kunyarsa ta alayyafo ko kuɓewa, wanda bai yi cira ba gonarsa ce za ta tona masa asiri. 'Yan kulob ɗin kimiyya na JETS suna haɗa 'yar fanka da ƙaramar motar tsohuwar rediyo. 'Yan MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da aka kafa tun 1954, a nan da yawa suka fara koyon rubuta takardar gayyata, da tara gudummawa a kai wa ɗan aji da ke kwance asibiti. Ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba, kun san su.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan wasan yara ne da aka ƙago jiya. Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna daga baya ta zauna a Zariya da sunan Barewa, ba da aji kaɗai ta reni mutanenta ba. Sardauna Ahmadu Bello a can ya koyi wasan fayis, kuma bai bar shi ba har yana Firimiya. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasannin kwaikwayo ana yi a dandamali, yana sukar zalunci da cuta ta bakin 'yan wasa. Da ya zama malami a Midil ta Bauchi, shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa haɗuwa a zauren tattaunawa na garin a shekarun 1940, ana kawo batu ana muhawara, har abin ya fara damun hukumar En'e. Siyasar Arewa da muke karantawa a littafi, wani ɓangarenta a irin wannan zama ta yi rarrafe. Ko fim ɗin Hausa da ya zama babbar sana'a a garin nan, daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa ya fito: ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990.

To, me ya sami kulob a makarantunmu? Abubuwa ne suka taru. Aji ya cika ya batse, wasu makarantun sun koma 'yan safe da 'yan rana, babu sauran fili ko lokaci. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata ba zai zauna har la'asar yana sauraron muhawara ba, yana da wata makarantar kuɗi da zai je, ko adaidaita sahun da zai karɓa. Lesin ya cinye yamma, domin lesin ana biya, kulob ba a biya. Sannan ga tsaro. Tun bayan sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, an rufe makarantun kwana da dama, kuma makarantar kwana ita ce gidan kulob na asali. Uban da ya ce ɗansa ya dawo gida da an tashi, ba wanda zai ga laifinsa.

Amma akwai ɓarnar da mu malamai muka yi da hannunmu, kuma ita ta fi ci mini rai. Kulob ya koma kayan ado. A makaranta mai ɗalibai dubu, yara biyar ne ake ɗauka a kai kowace gasa: su ne muhawara, su ne kacici-kacici, su ne gasar rubutu, su ne masu tarbar baƙi. Sauran ba su san ƙofar kulob ba sai ranar ɗaukar hoto. Muhawarar ma, malamin Turanci ne ke rubuta jawabin, yaro ya haddace, ya zo ya zuba da ɗaga hannu da buga tebur. Idan abokin karawarsa ya kawo hujjar da ba ta cikin takarda, sai ka ga ya tsaya cak yana kallon silin. Wannan hadda ce, kuma mu mutanen da suka san musabaƙar Alƙur'ani, wadda ake yi a matakin ƙasa tun 1986, mun san wurin hadda da darajarta. Muhawara kuwa abin da take koyarwa shi ne ka saurari wanda ba ka yarda da shi ba har ya gama, sannan ka ba shi amsa a kan abin da ya faɗa. Ni ina ganin a bar yara su yi wani ɓangare na muhawararsu da Hausa. Yaron da ake ɗauka daƙiƙi ne saboda Turancinsa na rawa, ku ba shi batu da harshen uwarsa ku sha mamaki. Idan ya iya tsara hujja da Hausa, ɗora Turanci a kai abu ne mai sauƙi.

Game da lokaci kuwa, na san abin da iyaye za su ce: yamma ta Islamiyya ce. Gaskiya ne, kuma ba mai neman a taɓa ta. Amma yawancin Islamiyyunmu ba sa karatu Alhamis da Juma'a. Yammacin Alhamis a buɗe yake. Sa'a ɗaya da rabi a sati ta isa kulob ya rayu, in dai an tsare ta, ba a mai da ita lokacin sharar makaranta ba.

Yanzu sai babbar maganar, wato aiki.

A Ingila, ɗalibi mai shekara 14 ko 15 yakan bar aji sati ɗaya ko biyu ya je wani kanti ko ofis ko asibiti ya ga yadda ake aiki. A Faransa wajibi ne ga 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare su yi kwana biyar a wani wurin aiki, su dawo su rubuta rahoto. Jamus ta fi su nisa: matashin da ya zaɓi sana'a, satinsa a rabe yake, wasu kwanaki a kamfani wasu a makaranta, har ya ƙware. Idan aka kawo waɗannan misalai a taro, sai mu girgiza kai mu ce mu ba mu da irin wannan. A takarda, gaskiya ne. Shirin tura ɗalibai sanin makamar aiki na SIWES da hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973 na 'yan jami'a ne da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Ɗan sakandaren gama-gari ba ya ciki.

Ba kuma don hukuma ba ta taɓa gwadawa ba. Makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Kano, ta Ɗan Hausa a Nasarawa a 1909, tana da sashen sana'o'in hannu. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi odar injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Tsofaffin malaman da ke wurin nan za su ba ku labarin akwatunan da suka shekara a baranda ba a fasa ba, don babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu wanda ya iya tayar da su. A 2011 aka kawo sabuwar manhaja mai sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibin babbar sakandare ya ɗauki ɗaya, aka fara jarrabawarsu a 2014. Me makarantu suka yi? Suka zaɓi waɗanda ake iya koyarwa da alli kaɗai. Yaro ya ci kiwon dabbobi a WAEC bai taɓa riƙe ƙafar akuya an yi mata allura ba. Ya ci sarrafa bayanai, kwamfutar kuwa a allo aka zana masa ita. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da rage sana'o'in zuwa shida, ciki har da haɗa sola da gyaran waya da ɗinki. Zaɓin ya yi ma'ana. Tambayar dai ita ce ta 1982: ina bitar, ina kayan, ina malamin?

Amsata ita ce suna nan, amma ba a cikin katangar makaranta ba. Suna Farm Centre, suna Ƙofar Ruwa, suna Ƙofar Wambai da Kantin Kwari, suna kowane gareji da shagon tela da ke unguwarku. Kuma 'ya'yanmu sun riga mu zuwa can. Shugaban makaranta, in da za ka shiga aji biyar gobe ka ce duk wanda ke zuwa shago ko gareji ko kasuwa ko gona bayan an tashi ya ɗaga hannu, ka kuma tabbatar musu ba duka za a yi ba, za ka ga hannuwa da yawa. Abin da Bature ke shirya wa ɗansa na sati biyu, namu yana yin sa shekara uku. Bambancin shi ne can makaranta ce ta tura shi, tana bibiyarsa, tana tambayarsa me ya gani. Nan kuwa yaron ɓoyewa yake yi. Yana dirje farcensa da omo kafin ya zo aji, don kada a ga baƙin mai a kira shi ɗan gareji.

Mu bi yaro ɗaya mu gani. Babansa ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai gyaran waya, ya ce ga ɗanka nan, amana. Watannin farko ba ya taɓa waya. Shara, goge gilashin shago, sayo wa oga abinci, zuwa layin masu kaya a karɓo sikirin. Yana ganin kamar ɓata masa lokaci ake yi, alhali gwada shi ake: zai dawo da canji daidai? Zai zo a kan lokaci? In an bar masa shago zai zauna? Daga nan a bar shi ya kwance noti, ya canja batir, ya manna gilashi. Wata rana oga ya miƙa masa mita ya ce auna nan, wuta na shiga? Yaron nan da safe ya kwafi dokar Ohm daga allo, ya haddace ta don jarrabawa. Da yamma ga shi riƙe da na'urar da ke auna abin da dokar ke magana a kai. Amma a kansa waɗannan abubuwa biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Malamin Fiziks bai san yaron na riƙe mita ba. Oga kuma ya iya aikin sarai, amma ba zai iya gaya masa dalilin da ya sa wannan ɗan ƙarfen ke zafi ba, sai dai ya ce ya mutu, cire shi. Da malamin zai ce ranar Laraba ka zo mana da mitar ogan naka da matacciyar waya ɗaya, da ajin nan gaba ɗaya ya fahimci darasin da aka yi zango guda ana fama. Gani ya kori ji. Shi kuma yaron, ranar ce za a fara kallonsa a matsayin wanda ya san wani abu.

Kuma ba aikin hannu kaɗai yake koya ba. Yana ganin yadda oga ke lallashin kwastoman da aka ɓata wa waya. Yana ganin yadda ake ba da bashi da yadda ake bin sa ba a yi faɗa ba. Yana ganin ranar da aka yi ciniki da ranar da aka tashi ba ko sisi, ga kuɗin haya na jira. Yana kuma ganin abin da bai kamata ba: a sa wa mutum kayan jabu a ce masa orijinal ne, ko a buɗe hotunan da ke cikin wayar mutane ana dariya. Idan babu babban da zai zauna da shi ya tambaye shi ra'ayinsa a kan abin da ya gani, zai ɗauka haka sana'a take.

Ba na son in yi wa wurin sana'a kwalliyar da ba tasa ba. Akwai ogan da bakinsa ba ya rabo da ashar, akwai mai dukan yaro da bel ɗin fanka. Akwai yaron walda da ke kallon wuta ba tabarau, dare ya yi idanunsa su hana shi barci. Akwai mai zuba ruwan batir da hannu ba safa. A wasu wuraren a nan yaro ke fara haɗuwa da sholisho da ƙwaya. Sannan ga babbar matsalar da ta fi shafar mu malamai: ɗanɗanon kuɗi. Yaron da ya fara komawa gida da 'yan kuɗi a aljihu, ya dubi yayansa mai digiri yana zaune a dakali, sai ya fara zuwa makaranta kwana uku a sati, daga nan sai ranar jarrabawa, daga nan shiru. Duk wannan gaskiya ne. Amma ku lura, yana faruwa ne yanzu, a lokacin da makaranta ta ce babu ruwanta. Kau da kanmu bai hana yaro zuwa gareji ba, ya dai bar shi can shi kaɗai.

Doka ma ba ta yi shiru ba, mu ne ba mu karanta ta. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta hana a sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, sai dai aikin makarantar koyon sana'a wanda hukumar ilimi ta amince da shi take kuma sa ido a kai. Ta ce idan za a ba da yaron da ya haura 12 bai kai 16 ba koyon sana'a, a yi a rubuce, da yardarsa, kuma kada wa'adin ya wuce shekara biyar. Iyayena, a cikinmu wa ya taɓa rubuta takarda da ogan ɗansa?

'Yan mata kuwa, nasu ya fi ɓoyuwa, domin yawanci a cikin gida ake yi. Wata tana zuwa gidan maƙwabciya koyon ɗinki. Wata ta iya lalle har ana kiranta gidan biki. Wata ita ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashi, ko haɗa turaren wuta da humra, ko ɗaukar hoton kaya a sa a WhatsApp a karɓi oda. Yarinyar da ke sanin nawa aka kashe a kan kwanon waken suya, nawa aka samu a awara, nawa ne riba bayan an cire mai da itace, ta riga ta shiga darasin Kasuwanci, sai dai ba wanda ya gaya mata. Amma akwai yarinyar da ke son zama nas ko likita ko lauya, ba ta taɓa ganin cikin wurin aikin ba sai in an kai ta jinya. Wannan ita ta fi kowa bukatar makaranta ta tsaya mata. Damuwar iyaye a kan tura 'ya mace wurin da ba su sani ba damuwa ce ta gaske, ba jahilci ba ne, kada wani ɗan boko ya raina ta. Maganinta shi ne a tura su biyu-biyu, wurin mace, wadda makaranta ta sani iyaye suka sani, a tashi kafin la'asar.

Akwai kuma rashin adalcin da ba mu cika faɗa ba. Ɗan mai hali, in an yi hutu, kawunsa zai ɗauke shi zuwa banki ko kamfani. Ko da latsa waya ya wuni yana yi, ya ga yadda ake shiga taro, ya ji yadda ake magana da manya, ya san sunan muƙamai. Ranar da zai je neman aiki ba baƙo ba ne. Ɗan talaka mai ƙoƙari, wanda ke zuwa na ɗaya a aji, bai taɓa hawa bene mai lifta ba. Ya ce zai zama injiniya, amma bai taɓa magana da injiniya ba. Haka kuma ɗan mai halin, bai taɓa riƙe sifana ba, yana ganin aikin hannu na waɗanda suka kasa ne. Dukkansu biyun an tauye su. Makaranta ce kaɗai wurin da ke da ikon musanya musu wuri na ɗan lokaci.

To, me nake ba da shawara? Ba na kiran a jira gwamnati ta turo manhaja, mun ga yadda jiran ke ƙarewa. Abin da nake nufi makaranta ɗaya za ta iya yin sa da abin da ke hannunta. A ɗauki dogon hutun da ke tsakanin aji huɗu da aji biyar, lokacin da jarrabawar fita ba ta matso ba. Sati biyu ko uku. Wanda yake da wurin sana'a tun da, ya ci gaba a can, makaranta ta san wurin, ta rubuta sunan ogan. Wanda ba shi da shi a nemo masa. A yi 'yar takarda shafi ɗaya, da Hausa, uba ya sa hannu, mai wurin ya sa, makaranta ta sa: ƙarfe nawa zai zo, ƙarfe nawa zai tashi, ba duka, ba aikin da ke da haɗari sai da kayan kariya, ba aiken dare. A ba yaro littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum da abu ɗaya da bai gane ba. Wannan na biyun shi ne zuciyar abin, domin tambayoyin nan su ne malamai za su ɗauka su shiga aji da su in an dawo. Malami ɗaya ya leƙa wurin ko sau ɗaya ne. Ku yarda da ni, ogan da ya ga malamin makaranta ya cire takalmi ya shigo shagonsa ya gaishe shi da girmamawa, ya kira shi malam shi ma, yadda yake riƙon yaron zai canja. In an koma makaranta kuma, kowane yaro ya tsaya gaban aji minti biyar ya faɗi abin da ya gani. Ga aikin kulob ɗin 'yan jarida ya samu, ga batun muhawara ya samu.

Kada a ce girman boko zai zube don ya shiga kasuwa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da injiniyoyinta da manyan malamanta, ta shiga kasuwar Panteka ta haɗa kai da maƙera da masu walda na wurin don a ba su takardar shaidar ƙwarewa. In babbar makaranta irin wannan ba ta ji kunya ba, sakandare ba ta da dalili.

Na san wani uba zai ce, ni na sa ɗana boko ne don ya fi ƙarfin sifana. Ranka ya daɗe, ba cewa aka yi ya bar boko ba. Sati uku a gareji ba zai hana shi zama injiniya ba, zai dai sa ya zama injiniyan da leburori ba za su yi wa dariya a bayan ido ba. Wani yaron ma amfanin da zai samu shi ne ya gane ba ya son aikin. Yarinyar da ta je asibiti ta ga jini jiri ya ɗebe ta, gara ta sani tana aji huɗu, tun ba a cika fom ɗin JAMB ba, da ta sani bayan an kashe kuɗin shekara biyu.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai na kujerun baya, kalma biyu. In an kai ka wuri, ka riga oga zuwa. Abin da ba ka gane ba ka tambaya bayan kwastoma ya tafi, ba a gabansa ba. In aka yi maka abin da bai dace ba, ko aka sa ki abin da ranki bai kwanta da shi ba, ku faɗa wa malami ko iyaye a ranar, ba sai an koma makaranta ba. Wannan ba tsegumi ba ne.

Abin da ya rage shi ne wurare da kuɗin mota, kuma a nan ne tsofaffin ɗalibai suka shigo. Na san an saba roƙonku fenti da kujeru da gyaran rufi, kuma kuna yi, Allah ya saka da alheri. Yau roƙon daban ne. A cikinku akwai mai kemis, akwai mai gidan burodi, akwai ma'aikaciyar asibiti, akwai lauya, akwai mai haɗa sola, akwai mai gonar kaji. Kowannenku ya karɓi yara biyu na sati biyu. Wanda wurin aikinsa ba ya karɓar yara, ya ɗauki nauyin kuɗin adaidaita sahu na yaro ɗaya da na malamin da zai je dubiya, domin in ba a biya wa malami kuɗin mota ba, kada mu yaudari kanmu, ba zai je ba. Na roƙi sakataren ƙungiyarku ya ajiye takarda a bakin ƙofa. Kafin a fita, a rubuta suna da irin aiki da adadin yaran da za a iya karɓa, mata kuma su nuna in 'yan mata suke so a turo musu.